Wayar Hannu da Mai Ciwon Suga a Mai'adua

Ciwon suga abokin zama ne. Likita kan duba mai shi na 'yan mintuna, sauran kwanakin watan kuwa daga shi sai kwanon tuwonsa. Talakan da ke ƙauyukan Mai'adua, wanda kuɗin mota zuwa Daura ma sai ya yi lissafi, ga kuɗin gwaji ga na magani, yakan daina zuwa asibiti da zarar ya ji sauƙi. Ba a sake ganinsa sai ƙafa ta yi gyambo ko ido ya fara dushewa.

Wannan giɓin ne wayar hannu za ta iya ragewa. A 2014 ƙasar Senegal, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara tura wa masu ciwon suga gajerun saƙonni a watan azumi: a sha ruwa sosai kafin ketowar alfijir, a rage kayan zaƙi wajen buɗa baki. A Legas kuma akwai kamfanin mDoc, inda masu ba da shawara ke bibiyar majinyata ta waya.

A nan wurinmu sai an yi gyara. Da yawa daga dattawanmu ba sa karatun boko, don haka saƙon murya da Hausa ya fi rubutu amfani. Mai ba da shawarar kuma dole ya san cimarmu. Wanda zai ce wa manomi ya bar gero bai san inda yake ba. Abin faɗa shi ne a rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye, wake da zogale, a dama fura ba suga, a yi hattara da shayin safe da lemon kwalba, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci, mutum ya wuni a kara yana kora ƙishi da abin zaƙi. Mai allurar insulin da ba shi da firji yana iya ajiye ta cikin tukunyar ƙasa mai sanyi, nesa da rana.

Waya dai ba ta auna jini. Idan awo kafin karin kumallo ya kai 126 har sau biyu, alamar ciwon ce. Idan ya sauka ƙasa da 70, ga rawar jiki da gumi, a sha abin zaƙi nan take, ko da ana azumi. Mai yawan fitsari da ƙishi da rama ya je a gwada shi, kuma ya karɓi lambar ma'aikacin lafiyar kafin ya fito.