Yadda Injin Ban Ruwa Yake Aiki a Fadamun Kirikasamma

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa fadamun Kirikasamma, cikin ƙasar Haɗeja, a lokacin rani, ba zai rasa jin ƙugin injin ban ruwa ba. A da, jigo shi ne madogarar mai lambu a bakin Kogin Haɗeja. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ke jiƙa fadamun ta ragu. Daga shekarun 1980 kuwa ƙananan injuna masu shan fetur suka yaɗu a hannun manoman shinkafa da alkama da tattasai. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke gudana a cikin wannan inji.

Sassan Inji

Zuciyar injin ita ce silinda, watau wani rami mai santsi a cikin ƙarfe. A cikinta akwai fistin, wanda yake hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi, an kuma ɗaura masa zobba don kada iska ta zurare ta gefensa. Wani hannun ƙarfe ne ya haɗa shi da karanshaf, sanda mai gwiwa wadda take mai da hawa da sauka su zama juyi, kamar yadda takun tela yake juya faifan keken ɗinki. A kan silinda akwai bawul biyu, ƙofar shiga da ƙofar fita, da kuma fulogi mai ba da tartsatsi.

Matakai Huɗu

Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya daidaita wannan tsari a 1876.

Na farko shi ne shaƙa. Fistin zai sauka, ƙofar shiga ta buɗe, sai iska ta shigo bayan ta gauraya da fetur a kafireta. Bisa nauyi, iska takan kai kusan kashi 15, fetur kashi 1.

Na biyu shi ne matsa. Ƙofofin biyu za su rufe, fistin ya hau ya takure gaurayen a ɗan ƙaramin wuri har ya ɗauki zafi. Maharbin da ke danna albarushi a bindiga ya san hikimar wannan: gwargwadon matsi, gwargwadon ƙarfin tashi.

Na uku shi ne bugu. Fulogi zai yi tartsatsi, gaurayen ya kama da wuta, iskar da ta yi zafi ta kumbura ta ingiza fistin ƙasa da ƙarfi. A nan kaɗai inji yake samun ƙarfi.

Na huɗu shi ne fitarwa. Ƙofar fita za ta buɗe, fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa.

To, me ke tafiyar da fistin a sauran matakai ukun? Akwai wani faifai mai nauyi a jikin karanshaf wanda yake ɗaukar ƙarfin bugu ya ci gaba da juyawa. Shi ne manomi yake juyawa sa'ad da ya fizgi igiya. Karanshaf takan juya sau biyu kafin a sami bugu ɗaya. Saboda haka injin da ke juyi 3,600 a minti yana bugu 30 a kowace daƙiƙa. Wannan juyi shi ke kaɗa farfelar famfo, ta zuƙo ruwa ta mesa, ta tura shi cikin kwamai.

Kammalawa

Sanin waɗannan matakai yana nuna inda cuta take shiga. Ƙurar hunturu, in ta wuce matatar iska, takan cinye zobba da bangon silinda, matsi ya ragu, inji ya rasa ƙarfi. In baƙin mai ya ƙare, ƙarfe ya goga ƙarfe, fistin yakan ƙame. Fulogi mai datti kuwa ba ya tartsatsi. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, ɓarnar kowace lita ta ƙara ciwo. Gonar tattasai kuma ba ta jiran bakanike ya iso daga Haɗeja. Manomin da ya san cikin injinsa, shi ya fi kusa da tsirar da amfanin gonarsa.