Kada Tausayi Ya Ɓata Aikin Likita: Jinyar Iyaye Bayan Fiɗar Dajin Baki

Daga Malbaza zuwa Dogarawa da Galmi, da wuya ka zauna majalisar dattawa ba ka ga wanda ya cusa garin taba da kanwa a ƙasan leɓe ba. Kowa ya san abin da take haifarwa, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta daɗe da sa taba ta tauna cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. A shekarar 2022 kaɗai kusan mutum 390,000 aka samu da dajin baki da leɓe a duniya. Abin da ya sa ni rubutu shi ne ɓarnar da ƴaƴa ke yi da hannunsu bayan likita ya gama nasa aikin.

Na ga wani gida a karkararmu da suka yi abin a yaba. Suka ƙi sauraron masu cewa daji ba ya son ƙarfe, suka sayar da albasa da ɗan bijimi, suka kai mahaifinsu aka yanke gefen harshen da ciwon ya ci, aka cire kaluluwar wuya. Aka sallamo shi da roba a hanci wadda ta nan ake ba shi abinci. Sai ƴan dubiya suka cika ɗaki. Wannan ta ce robar ce ke wahal da shi, wancan ya ce ina aka taɓa ganin dattijo ya yi mako bai sha fura ba. Aka zare roba, aka ɗauko ludayi. Tsoho ya ƙware, furar ta bi hanyar iska, zazzaɓi da tari suka rufe shi, aka koma asibiti da ciwon huhu. Bai gama farfaɗowa ba babban ɗansa ya sayo masa taba, wai "Baba ya roƙa, ba na iya hana shi."

Haba jama'a! Wannan wace irin biyayya ce? Ka sayar da abin da ka noma a yanke ciwo, sannan ka ɗauko abin da ya kawo ciwon ka ɗora kan ɗinki ɗanye? In Baba ya yi fushi, a rarrashe shi, a samo aboki ko limamin da yake jin nauyi ya yi masa magana. Fushin kwana biyu yana wucewa. Dajin da ya dawo kuwa, sau da yawa ba ya sake yankuwa.

Robar nan ba ado ba ce. Harshen da aka yanka bai iya tura abinci daidai, kuma raunin yana son hutu. Likita kaɗai ke cewa a cire ta. Kafin ku baro asibiti, mutum biyu aƙalla su koyi yadda ake ba da abinci ta cikinta, don in ɗaya ya tafi gona kada a rasa mai yi. A zaunar da marar lafiya, kada a ba shi yana kwance, kuma ya daɗe zaune kamar rabin awa bayan an gama. A wanke hannu, a bi robar da ruwa mai tsabta bayan kowane ci. Koko tsararo ba ya gina tsoka. A dama kunun gyaɗa da madarar da aka tafasa, a niƙa dafaffen wake ko ƙwai ko nama a tace sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Ranar da aka ce ya fara ci da baki, a soma da mai laushi marar zafi, ban da yaji, ban da tsami, ban da goro. In azumi ya riske shi, addini ya yi wa marar lafiya rangwame, kada a bar shi ya yi gardama a kai.

Maganarsa za ta canza, yawu zai riƙa zuba. Kada a bar jikoki su yi dariya, kada kuma a ware masa kwano kamar mai cutar da ake ɗauka, don daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A rage ƴan dubiya, addu'a tana isa ko daga zaure.

Sai maganar gashi da na'ura, wato haska wurin ciwon don kashe ragowar daji. Marasa lafiya da yawa ana rubuta masu shi bayan fiɗa, ana son a fara cikin kamar mako shida, kuma yakan ɗauki makonni ana zuwa kusan kullum. Tun 2021 ake yin sa a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, akwai kuma a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yamai ta haura kilomita 400 daga nan, don haka ƴan'uwa su zauna tun wuri su raba nauyin masauki da kuɗin mota da wanda zai zauna jinya. Ba a barin wa ɗiya ɗaya komi, masu ci-rani su tsaya ga bugo waya. Kuma kada a ce rauni ya warke an daina komawa, domin a shekara biyun farko ciwon ya fi dawowa.

Jini daga baki, wahalar numfashi, zazzaɓi, wari ko sabon kumburi a wuya, duk ba a kwana da su a gida. Ku kuma da iyayenku ke da gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ku kai su asibiti mafi kusa, Galmi ko Ƙonni ko Tawa, a duba. Kada ku kai su wurin mai sakiya, kada kuma ku jira sai an cire albasa.