Rashin Ganin Nesa da Rayuwar Yara a Garin Illela

Rashin ganin nesa larura ce da mai ita ke ganin abin da ke kusa da shi tar, amma abin da ya yi nisa, kamar rubutun allon aji, sai ya riƙa ganinsa dishi-dishi. Asalinta shi ne ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima yayin da yaro ke girma, ta yadda hasken da ya shiga zai tattaru kafin ya kai ga tantanin bayan ido, wanda shi ne ke ɗaukar hoto ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Gado yana da hannu a ciki, sai dai gado kaɗai bai isa ya bayyana yadda larurar ta kama kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu kammala sakandare a biranen Sin da Taiwan da Singafo ba, alhali kakanninsu ba su san ta haka ba.

Abubuwa biyu masana suka fi ɗora wa alhaki, wato daɗewa ana ƙura wa abu na kusa ido, da kuma ƙarancin fita waje, kuma hujjar na biyun ta fi ƙarfi. Binciken da aka wallafa a 2008 ya kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, aka tarar kashi 29 na mazauna Singafo suna da larurar, na Sidni ta Ostareliya kuwa kashi 3 kacal, duk da cewa na Sidni sun fi karatu. Bambancin shi ne suna yin kusan awa 14 a waje kowane mako, takwarorinsu kuwa awa 3. Bayanin da aka fi karɓa shi ne hasken rana yana sa tantanin ido ya fitar da sinadarin dofamin, wanda ke rage saurin tsawon ƙwayar ido. A birnin Guwanzu na Sin, ƙarin minti 40 a waje a ranakun makaranta ya rage sabon kamuwa daga kusan kashi 40 zuwa kashi 30 cikin shekara 3.

A nan ne Illela, garin da ke iyaka da Birnin Ƙonni, ke da wata riba da ba a lura da ita ba. Larurar ba ta wuce kusan kashi 5 ba a tsakanin ɗaliban Afirka, kuma yaron da ke kiwo, ko taya uba aikin albasa a fadama, ko kora dabbobi zuwa kara ranar Lahadi, yana samun hasken da wasu ƙasashe sai da dokar makaranta suke samar wa 'ya'yansu. Hatta yarinyar da ba ta fita, tsakar gidan Bahaushe a buɗe take ga sama, kuma inuwar darbejiya ta ninka ɗaki haske sau da yawa, don haka zafin bazara ba hujja ba ce ta kulle yaro.

Wannan riba ce ke zaizayewa a hankali, domin yaro kan tashi daga boko ya wuce Islamiyya, ya ƙare dare da waya a hannu, ga azuzuwa masu ƙananan tagogi da ake rufewa saboda ƙurar hunturu. Ba rage karatu ake nufi ba, yankin ma ƙarinsa yake buƙata. Abin da ya kamata shi ne a kiyaye awa 2 a waje kowace rana, ma'aunin da Taiwan ta ɗauka tun 2010.

Yaron da ke ƙanƙance ido ko matsowa gaban aji, iyaye su kai shi a auna idonsa a asibiti, ko da sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su guji saya masa tabarau a kasuwa ba tare da awo ba.