Amanar Tafintan Kurame

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malaman fikihu sun tabbatar da cewa isharar bebe, muddin an fahimce ta, tana tsayawa matsayin furuci cikin ciniki da aure da saki. Saboda haka wanda ke juya isharar kurma zuwa magana ya ɗauki amana mai nauyi.

A ƙasar Amurka an daɗe ana zaton maganar hannu gurgun Turanci ce, har shekarar 1960, sa'ad da William Stokoe, malami a kwalejin kurame ta Gallaudet, ya bayyana cewa harshe ce mai nahawunta dabam. Tun da abin haka yake, tafintan da ya bi ishara ɗaya ɗaya yana kiran sunanta, Turancinsa zai fito a kakkarye, masu sauraro su ɗora wa kurma wautar da ba tasa ba.

Gwanayen tafintocin can suna kiyaye abu huɗu. Na farko jinkiri: ba su buɗe baki sai ma'ana ta cika, domin kurma yakan gabatar da abin da zance ke kansa, hukunci ya biyo baya. Na biyu zamani: kurma yakan nuna "jiya" sau ɗaya tak a farkon labari, amma Turanci sai an sāke siffar kowane fi'ili. Na uku fuska, gama a nan rabin nahawun yake: ɗaga gira tambaya ce mai neman i ko a'a, haɗe gira kuwa tambayar wa, ko ina, ko yaushe. Wanda ya kalli hannu kaɗai sai ya mai da tambaya iƙirari, a gaban alƙali kuwa wannan halaka ce. Na huɗu wuri: kurma yakan ajiye mai saye a dama, mai sayarwa a hagu, in ya karkata kafaɗa ya shiga bakin ɗayansu. Wajibi ne tafinta ya ambaci kowa da sunansa, don kada bashin wani ya hau wani.

Bayan wannan duka, yakan yi magana da "ni" a madadin kurma, da lafazin da ya dace da darajarsa, ba ƙari ba ragi.

Hukuncin bai tsaya Amurka ba, gama kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, suna kuwa shiga kasuwa da asibiti da kotu. Duk wanda ya zama harshen ɗan'uwansa, za a tambaye shi ranar gobe. Allah ya sa mu cika amana, amin.