Yadda Iska Ke Maƙalewa a Cikin Roba Mai Ƙananan Ramuka

Gabatarwa

Idan mai karatu ya taɓa sayen sabon takalmi, wataƙila ya ga ɗan ƙunshin tsakuwoyi farare a cikin kwalinsa. Aikinsu shi ne kame laima. Tururin ruwa yana mannewa ne a jikin bangon ramukan da ke cikinsu, kuma wannan shi masana kimiyya ke kira maƙalewar iska. Wannan maƙala za ta duba yadda hakan ke faruwa a wani nau'in roba, wato folima mai ƙananan ramuka.

Girman ramukan

A shekarar 1985 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, IUPAC, ta kasa ramuka gida uku. Ƙanana su ne waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, matsakaita daga 2 zuwa 50, manya kuwa sun haura 50. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita.

A 2004 Peter Budd da Neil McKeown na Jami'ar Manchester a Ingila suka bayyana wata folima mai suna PIM-1. Sarƙar ƙwayoyinta ƙaƙƙarfa ce kuma a karkace take. Idan aka ɗaure karan dawa miƙaƙƙu, sukan haɗe tsaf. Idan kuwa karkatattun itatuwa aka tara, dole a sami giɓi a tsakaninsu. Wannan giɓin shi ne ramukan. Faɗin bangon da ke cikin giram ɗaya na PIM-1 ya kai murabba'in mita wajen 800, ma'ana giram 10 sun fi filin ƙwallon ƙafa.

Yadda ake aunawa

Ana sanyaya folimar zuwa digiri 196 ƙasa da sifili, sai a riƙa tura mata iskar naitirojin kaɗan-kaɗan ana rubuta yawan da ta kama. Bayan haka sai a riƙa rage matsin iskar ana rubuta abin da ya rage a ciki. Daga nan ake lissafa faɗin bangon da hanyar BET, wadda Brunauer da Emmett da Teller suka fito da ita a 1938.

Saɓanin shiga da fita

Mutum zai zaci iskar da ta shiga za ta fita ta yadda ta shigo. Sau da yawa ba haka abin yake ba. A matsi iri ɗaya, iskar da ke ciki lokacin fita takan fi ta lokacin shiga yawa. Wannan saɓani shi ake kira histerisis.

A matsakaitan ramuka dalilin sananne ne: iskar takan zama ruwa a cikin ramin, kuma saɓanin yakan ƙare idan matsin naitirojin ya sauko zuwa wajen kashi 40 cikin ɗari na matsin da ke mai da shi ruwa. A PIM-1 kuwa saɓanin yana ci gaba har matsin ya yi ƙasa sosai. Masana sun kawo dalilai biyu. Na farko, folimar na kumbura kamar garin rogo da aka zuba wa ruwa, sai sababbin gurabe su buɗe, kuma ba ta saurin komawa yadda take. Na biyu, wasu ramukan kamar tulu suke, ciki da faɗi, baki ƙarami. A cikin irin wannan sanyi ƙwayoyin iskar ba su da kuzarin ratsa bakin da sauri.

Kammalawa

Hanyar BET ta ɗauka cewa abin da ake aunawa ba ya sauya siffa, don haka alƙaluman da take bayarwa kan folima mai kumbura suna buƙatar taka-tsantsan. Shi ya sa masu bincike kan ƙara aunawa da iskar kabon-dayokzaid a digiri sifili, inda ƙwayoyin ke shiga ƙananan ramuka da sauri. Batun yana da muhimmanci domin ana binciken amfani da PIM-1 a matsayin matata mai raba kabon-dayokzaid daga hayaƙin masana'antu da iskar gas. Kafin a dogara da matatar, wajibi ne a san yawan iskar da za ta kama, da kuma yadda za ta sake ta.