Ƙugin Lasifika: Kada A Cire Ƙafar Filogi Ta Uku

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa haɗa kayan sauti a ɗakinsa, wato amfilifaya da lasifikoki da na'urar faifai ko dikoda, ya san wannan ƙugin. Waƙa ta ƙare, ɗaki ya yi tsit, amma lasifika na ta gurnani ƙasa-ƙasa kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Ibadan da Fatakwal kan koma kasuwa a sayar musu da wata waya mai tsada, wai ita ce magani. Wasu kuwa mai gyara ne zai zo ya yi musu aikin minti biyu wanda zai iya kai mutum lahira.

Bari mu fara da ita wayar. Tun da faifan CD ya fito a 1982, ana ajiye sauti ne da lambobi, a auna shi sau 44,100 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanonin Sony da Philips suka tsara hanyar aika waɗannan lambobi daga na'ura zuwa na'ura, ita ce S/PDIF, ta wayar jan ƙarfe mai om 75. A 1983 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da Toslink, wadda ba ƙarfe a cikinta sam, zaren roba ne da jan haske ke bi. In waya ta cika ƙa'idarta, lambobin za su isa yadda aka aiko su, ko ta talaka ce ko ta attajiri.

To, daga ina ƙugin yake? Wayar jan ƙarfe tana da raga a ƙarƙashin robarta, ragar nan kuwa tana haɗa jikin wannan na'ura da jikin waccan. Idan kowace na'ura tana da tata hanyar zuwa ƙasa, misali ɗaya a soket na wannan bango, ɗaya a na wancan, sai a sami zobe. Bambancin wuta kaɗan tsakanin soket biyun ya isa ya sa wata 'yar wuta ta riƙa kewaya zoben. Ba ta taɓa lambobin, amma tana ratsa jikin amfilifaya ta gauraya da sautin da za shi lasifika. Da yake wutar ƙasar nan tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, amonta ke nan kake ji. Wayar farantin satalayit da ke kan rufi, da wayar HDMI ta talabijin, da wayar USB ta kwamfuta, duk suna iya rufe irin wannan zobe.

Gano mai laifi ba ya cin ko kwabo. Rage murya, ka kashe amfilifaya, ka zare wayoyin da ke shiga cikinta duka, sa'an nan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wadda ƙugi ya dawo da ita, ita ce. Magani na farko shi ne a tara kayan duka a kan soket guda. In bai yi ba, a musanya wayar jan ƙarfe da Toslink, domin haske ba ya ɗaukar wuta, zobe ya yanke ke nan. Sai dai ba ta son lanƙwasa, kuma kada tsawonta ya wuce mita 5 zuwa 10. Akwai kuma 'yan ƙananan na'urorin raba tsakani da ake ɗaura wa wayar eriya ko ta USB.

A Turai da Amurka da Japan masu sha'awar sauti sun kai abin wani wuri. Ana sayar musu da akwatunan katako da aka cika da ma'adinai, a jawo waya ɗaya daga bayan na'ura a soka, wai akwatin zai shanye hayaniya. A ganina wannan kuɗi ne aka zuba a rijiya, don kuwa wuta ba ta tafiya sai da hanyar komowa, akwatin kuma bai haɗu da ƙasa ba. Wasu kan yanke ragar wayar a gefe guda. A wayar S/PDIF ta jan ƙarfe ragar nan ita ce hanyar komowar saƙon kansa, yanke ta sai ya jawo tsinkewar sauti.

Amma duk wannan hasarar kuɗi ce kawai. Abin tsoro shi ne dabarar karya ƙafar filogi ta uku, ko kwance wayarta mai launin kore da rawaya. Lalle ƙugin kan ɗauke, shi ya sa mai gyara ke karɓar ladansa a yi masa godiya. Garin neman gira ne a rasa ido. Wannan ƙafar, wadda ta fi sauran biyun tsawo, ita ce mai tsaron ranka. Ranar da waya mai wuta ta kwance a ciki ta taɓa jikin amfilifaya, ita za ta kwashe wutar zuwa ƙasa har fis ya ƙone. Idan babu ita, jikin ƙarfen nan zai zauna ɗauke da bolt 230 yana jiran hannun da zai taɓa shi, wataƙila na yaron da ya zo ƙara murya ba takalmi a kan siminti mai laima. Na'urorin da ba su bukatar ƙafa ta uku masana'anta ce ke yin su haka, za ka ga alamar murabba'i cikin murabba'i a bayansu.

Akwai kuma wata matsala ga masu zaman haya. Soket na iya zama mai rami uku, amma a bayansa babu wayar da ta tafi ƙasa, balle in an juya daga wutar da har yau muke ce wa ta Nepa zuwa janareto. Idan kana jin wuta na ɗan jan ka in ka taɓa jikin dikoda ko bakin waya, kada ka nemi maganin a kantin kayan sauti. Ka yi wa mai gida magana, a kira ƙwararren ma'aikacin lantarki ya auna soket, ya duba sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa, in akwai ta.

Masu garmaho na zamani kada su ruɗe. Siririyar wayar nan da ke fitowa daga na'urar juya faifai, wadda ake ɗaurewa a kusar da aka rubuta wa GND a bayan amfilifaya, tana kan ƙa'ida, kuma ita in ba a ɗaura ta ba ne ƙugi ke tashi.