Kokowa a jahar Maraɗi: labarin fili da labarin kasuwa

Idan kaka ta yi, aka kai dammunan gero rumbu, aka tone gyaɗa da aya, sai a fara jin gunduwa da dare a ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Samari su ɗaura walki su shiga dandali, makaɗa su ɗauki kirari, dattawa su shimfiɗa tabarmi su zauna kallo. Haka abin yake tun kaka da kakanni. Amma a yau akwai wani abu da ke tashi tare da gunduwa, har yakan riga ta shiga gari, wato jita-jita. Daga Caduwa zuwa Gangara, daga Tibiri zuwa Cadakori, duk inda mutum uku suka zauna shan shayi a wannan lokaci, maganar ke nan: wane zai bar Maraɗi ya koma wata jaha, wane ya sayar da kaye, wane kuma an yi masa asiri. Ya kamata a zauna a rarrabe tsakanin abin da ido ya gani a fili da abin da kunne ya tsinta a kasuwa, domin mutuncin mutane da darajar wasan kansa suna rataye a wurin.

Daga dandalin ƙauye zuwa takobi

A da, kokowa wasan bayan girbi ce. Ƙauye yakan gayyaci ƙauye, a kara, wanda ya yi kaye ya tashi da suna, wani lokaci har da mata. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, gwamnati ta ɗauki wannan wasa ta mayar da shi gasar ƙasa baki ɗaya, domin ya zama hanyar sada zumunci tsakanin ƴan Nijar. An yi karo na farko a Tawa, kuma wanda ya fara zama sarkin fili ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu. Shi ya sa filin kokowar birnin Maraɗi yake ɗauke da sunansa, kamar yadda na Doso yake ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma da sunan Langa-Langa. Bayan Kantu, Umaru Bindigau ma ya ɗauko takobi ya kawo wa Maraɗi. Saboda haka mutanen jahar nan suna kallon takobi kamar kayan gado ne da ya fita daga gida, ana jiran ranar dawowarsa.

Hanyar zuwa takobi kuwa doguwa ce. Ana fara tankaɗe da rairaya daga ƙananan hukumomi, a hau gunduma, sannan a haɗu a babban birnin jaha. Jahar Maraɗi tana da gundumomi 8: Agye, Barmo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarumfa, Mayahi da Tasawa, ga kuma birnin Maraɗi kansa. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, bayan an cire ta daga Agye. Duk waɗannan wurare suna da ƙarti, amma gurbin da ake nema goma ne kacal, domin kowace jaha ƴan kokowa 10 take kaiwa. Jahohi 8 ke nan, ƴan kokowa 80, ana kwana 10 ana gwabzawa. Wanda ya ci yakan karɓi takobi, da doki da kayan hawa, da babbar riga da rawani, da kuɗi miliyoyin sefa, ban da kyaututtukan attajirai da manyan ma'aikata.

Wannan ne ya sauya wa kokowa kama. Saurayin da a da yake kokowa don ƴan matan ƙauyensu su yi masa guɗa, yau yana iya gina gida da ita, ya sayi shanun noma, ya biya wa mahaifinsa kujerar Makka. Kokowa ta zama sana'a. Duk inda kuɗi suka shiga kuwa, magana takan biyo su.

Abin da ya tabbata

Ga labaran da ba su da jayayya, domin dubban mutane sun gan su da idonsu, Muryar Sahel da Tele Sahel kuma sun watsa su kai tsaye. A ƙarshen shekarar 2019 Maraɗi ta karɓi baƙuncin karo na 41. A 2020 ba a yi gasar ba. An dawo a birnin Yamai a 2021, aka je Difa a 2022, sannan Agadas a watan Disamba na 2023, inda Kadiri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara gasar. A watan Disamba na 2024 aka yi karo na 45 a Doso, a gidansa, gaban danginsa da makaɗansa. Mutane da yawa sun riga sun ba shi takobi na bakwai a bakinsu. Sai ga Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a karawar ƙarshe.

Wannan kaye ya isa darasi. Da a ce a ofis ake rubuta sakamakon kokowa, kamar yadda wasu ke faɗi a tashar mota, da ba a bar mai takobi shida ya sha ƙasa a garinsu ba. Gani ya kori ji.

Jita-jita iri uku

Ta farko ita ce ta sauya jaha. Wannan tana da tushe, domin ba sabon abu ba ne a ga ɗan kokowa da aka haifa a wata jaha yana ɗaura walki da sunan wata. Dalilin a bayyane yake: inda ƙarti suka yi yawa, gurbi yakan yi kaɗan. Saurayin Gangara ko na Gidan Sori da ya zo na goma sha ɗaya a zaɓen Maraɗi zai zauna gida ya saurari rediyo, alhali a wata jaha da ya shiga cikin goman farko. In kuma wani mai hali ya yi masa alkawarin abinci da wurin kwana da abin sawa a aljihu, tafiya ba ta yi masa wuya. Sai dai sauya jaha yana da ƙa'ida, kuma hukumar kokowa ta ƙasa ce ke tabbatar da shi. Muddin ba a karanta jerin sunaye ba, duk abin da ake faɗi zato ne. Sau da yawa an sha kai mutum Yamai ko Agadas da baki, ranar buɗe gasa kuma a gan shi cikin ayarin jaharsa.

Ta biyu ita ce mafi muni, wato ta sayar da kaye. Don a gane inda take fitowa, sai an dubi yadda aka tsara gasar. Kowace jaha tana karawa da sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda ba su faɗi ko sau ɗaya ba su ne ke wucewa neman takobi. Ke nan tun daga kwana na biyu fili yakan rabu gida biyu: akwai masu tsaye, akwai waɗanda suka riga suka faɗi. Wanda ya faɗi takobi ya wuce shi a bana, amma zai ci gaba da karawa har ƙarshe. Idan irin wannan ya gamu da mai tsaye, ya faɗi cikin ƙiftawar ido, nan take ƴan kallo za su ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Haka kuma idan ƙuri'a ta haɗa ƴan jaha ɗaya a zagayen ƙarshe, sai a ce ƙaramin ya kauce wa babban. Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa dokokin gasar suka haramta haɗa baki, suka tanadi hukunci ga wanda aka kama. Amma akwai abin da masu zargi ke mantawa. Wanda ya kayar da mai tsaye yakan tashi da kyauta mai yawa, ana shelar sunansa a lasifika, makaɗa su kwana suna wasa shi. Kuma duk wanda ya taɓa shiga fili ya san ƙato yana iya faɗuwa cikin daƙiƙa biyar, in ƙafarsa ta zame ko aka riga shi kamu.

Ta uku ita ce ta asiri. Laya da guru da kambu da ruwan rubutu tsofaffin abokan kokowa ne, ba wanda yake ɓoye su. Ɗan kokowa yakan tsaya a bakin fili ya yi tofi, ya zuba abin da zai zuba, ƴan cali-cali kuma su bi bayansa suna kwaikwayonsa jama'a na dariya. Illar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauki faɗuwar mutum aka ɗora wa wani maƙwabci ko ɗan'uwa, aka ce shi ya karɓi kuɗi ya karya masa lago. Irin wannan magana tana raba zumunci, tana sa gaba tsakanin ƙauyuka biyu da suke aure da juna shekara da shekaru.

A da jita-jita da ƙafa take tafiya, daga kasuwa zuwa kasuwa, ta bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa. Kafin ta yi nisa takan gamu da wanda ya halarci wurin ya ƙaryata ta. Yau salula ta ba ta fiffike. Mutum ɗaya ya ɗauki muryarsa a WhatsApp, kafin sallar isha'i an ji ta a Katsina da Agadas, ba a san ko wane ne ba, ba a san inda yake ba.

Abin da ke faruwa a wasu ƙasashe

Matasa da yawa suna kallon kokowar Amurka a talabijin, wadda ake kira kac. Can ana sanin wanda zai ci tun kafin a hau dandamali, domin masu kamfani ne ke tsara labarin, kamar wasan kwaikwayo. Ba ɓoyayyen abu ba ne: a shekarar 1989 babban kamfanin wannan wasa, wanda yanzu ake kira WWE, ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba. Ƴan kallonsu sun yarda da haka, jita-jita ma wani ɓangare ce ta cinikin. A Senegal kuwa kokowa ta gaske ce, har da naushi, kuma ƴan kasuwa masu shirya wasa ne ke ƙulla yarjejeniya da manyan ƴan kokowa a kan miliyoyin sefa.

Kokowar Nijar dukiyarta ɗaya ce: ba wanda ya san mai ci sai an tashi. Wannan ne ke sa manomi ya bar aikin lambu a Gulbin Maraɗi ya manna rediyo a kunne, ya sa kasuwa ta yi tsit lokacin karawar ƙarshe. Ranar da jama'a suka gaskata cewa an gama komai a ɗaki, ranar gunduwa za ta yi kiɗa ba mai amsawa. Saboda haka mai sayar da kaye da mai ƙaga labarin sayar da kaye ɓarna iri ɗaya suke yi wa wasan.

Wa ke biyan kuɗin ƙarya?

Manyan da suka riga suka yi suna ba su cika jin zafin jita-jita ba. Wanda take karyawa shi ne ƙaramin ɗan kokowa na ƙauye. Ya yi damina yana noma, ya yi kaka yana atisaye cikin yashi, ya sayar da buhun wake ya ci nama don ya yi ƙarfi. Ya je zaɓen gunduma ya faɗi, kamar yadda kowa ke faɗuwa. Kafin ya iso gida labari ya riga shi cewa an ba shi jikka hamsin ya kwanta. Attajirin da ke taimakonsa ya janye hannu, makaɗi ya daina kiran sunansa, iyayen yarinyar da yake nema su fara sanyi. Ba kotun da zai kai ƙara, domin ba a san wanda ya fara faɗi ba.

A yankin Gidan Rumji abin ya fi haka nauyi. Tun shekarar 2019 gundumar ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma ƙauyukan bakin iyaka sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. A irin wannan wuri dandalin kokowa yana cikin wuraren da suka rage inda baƙo da ɗan gari, Bahaushe da Bafillace da Buzu, suke zama kafaɗa da kafaɗa. Bai kamata a bar ƙarya ta shiga ta lalata shi ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. Shugabannin gundumomi da magadan gari da wakilan ma'aikatar matasa da wasanni su sa a yi zaɓen ƴan kokowa a bainar jama'a, a rubuta sakamakon kowace karawa, a manna shi a ƙofar ofis da Hausa, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara. Idan an hukunta wani, a faɗi laifinsa da hukuncinsa. Idan an bincika an tarar ba shi da laifi, a wanke shi da murya ɗaya da wadda aka zarge shi. Jita-jita a cikin duhu take ƙiba.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuma suna da nasu aiki. A ƙauyuka da yawa su ake kawo wa takarda su karanta, su ake tambaya ko abin da aka ji gaskiya ne. Kafin su amsa, tambaya uku ta isa: wa ya faɗa, a ina aka yi, wa ya gani da idonsa? Labarin da ya kasa amsa waɗannan, a bar shi inda aka tsince shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa yakan haɗiye mutumin kirki.

Wata kaka tana tafe, za a sake ɗaura walki a Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Mai yiwuwa cikin yaran da ke birgima a yashi yanzu akwai magajin Kantu. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya sa a tashi wasa lafiya.